Kayan hawan keke na Aldi da Lidl: wanne za ka ɗauka, wanne za ka bari a kwando

Wata Alhamis a ƙarshen Satumba, takwas ba ta yi ba, na tsaya a ƙofar wani reshen Aldi a Birmingham tare da mutum goma sha wani abu. Babu wanda ya zo sayen madara a cikinmu. Kekuna ne jingine a jikin ƙarfen ƙofar, kowa da hular kwanonsa a hannu. Ana buɗewa muka wuce tumatir da albasa muka nufi layin tsakiya, inda ake jibge kaya cikin manyan kwandunan ƙarfe. Wani dattijo Bature da ke gabana ya ɗebi rigunan ciki na ulu har huɗu, ko juya su bai yi ba, ya san abin da ya zo nema. Ni kuwa na tsaya ina karanta kwali, ina gwada safar hannu, ina shawara da zuciyata. Kafin in gama, duk safar da ta yi mini daidai an kwashe, sai ƙanana da manya-manya.

Wannan ranar ce ta faɗo mini a rai da ƙanin wani abokina, wanda ya zo karatu kwanan nan, ya kira ni. Ya sayi keke na hannu don ya huta da kuɗin bas, sanyi ya fara shigowa, ga shi an ce masa Lidl za su fitar da kayan keke. "Yaya, in kwaso duka a can ne, ko araha ba ta ado?" Na ce masa tambayar ba ta da amsa ɗaya. A kwando guda za ka tarar da abin da ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba, kusa da shi kuma ga abin da ko kyauta aka ba ka bai kamata ka dogara da shi ba. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: in wannan abu ya gaza, me zan rasa? In ɗan jin sanyi ne na minti ashirin, a sayi mai araha. In keken ne gaba ɗaya zai tafi, ko fatar jikina, sai a ƙara kuɗi.

Amma kafin a shiga kayan ɗaya bayan ɗaya, sai an san yadda kantunan suke ciniki, don rabin matsalar a nan take.

Aldi da Lidl duk 'yan Jamus ne. Aldi na 'yan'uwa biyu ne, Karl da Theo Albrecht, daga garin Essen, waɗanda suka raba kamfanin gida biyu a 1960. Ɓangaren kudu ne ya shigo Birtaniya a 1990, kuma reshensa na farko a nan Birmingham aka buɗe shi, a unguwar Stechford. Lidl ya biyo baya a 1994. Dabararsu iri ɗaya ce: kaya kala kaɗan, wajen dubu biyu, a inda manyan kantuna ke ajiye dubu ashirin da ɗoriya, kuma akasarinsu da tambarin kantin. Kayan wasanni na Aldi Crane ake kiransu, ƙananan kayan keke kuma Bikemate. Na Lidl Crivit. Suna ba masana'anta odar tuli ɗaya, a rarraba wa rassa a ƙasashe da yawa, a sayar cikin kwanaki, shi ke nan. Ba su ajiyar kaya a sito su jira mai saye, ba su biyan ma'aikacin da zai tsaya ya yi maka bayani, babu ɗakin gwaji. Daga nan arahar ta fito, ba lallai daga rashin inganci ba.

Illar ita ce kayan ba sa jiran buƙatarka. A Birtaniya sabon kayan layin tsakiya yakan sauka Alhamis da Lahadi, kayan keke kuma sau kaɗan suke zuwa a shekara, galibi da shigowar ɗumi wajen Maris zuwa Mayu, sai kuma Satumba ko Oktoba kafin hunturu. In safarka ta ɓace a Janairu, babu inda za ka same ta a can. Aldi ma sun daina sayar da waɗannan kaya ta intanet tun 2023, dole ka taka da ƙafarka. Ga kuma tarkon da kowa ya sani: ka shiga sayen albasa ka fito da injin walda. Abin da ka saya fam biyar ba ka taɓa amfani da shi ba, fam biyar ka zubar.

Abokin gwajinsu na gaskiya ba manyan sunaye irin su Rapha da Castelli da Assos ba ne, waɗanda wandonsu ɗaya kan haura fam 100, wani ma ya ninka haka. Decathlon ne. Kamfanin Faransa ne da Michel Leclercq ya kafa a 1976 kusa da Lille, ya buɗe shagonsa na farko a Landan a 1999, kuma shi ma nasa tamburan yake sayarwa: B'Twin, Triban, Rockrider, Van Rysel. Farashinsa na ƙasa ya ɗan ɗara na Aldi da Lidl, amma kayan suna nan duk shekara, akwai ɗakin gwaji, akwai makaniki, kuma kowane kaya yana da hawa-hawa, iya kuɗinka iya shagalinka. Matsalarsa ɗaya, rassan ba su da yawa, sau da yawa sai ka fita bayan gari. Sai Halfords, shagon kayan mota da keke, wanda kusan kowane gari yana da shi. Hanya ta huɗu kuwa mu ba baƙuwarmu ba ce: gwanjo. Vinted, eBay, Facebook Marketplace da shagunan sadaka cike suke da kayan mutanen da suka sayi keke da zumuɗi a watan Janairu suka jingine shi a Maris.

Bari in fara da inda kantunan araha suka yi zarra.

Rigar ciki, wadda ke manne da fata. Duk wanda ya taso da singiletin auduga sai ya sha mamaki a hunturun farko. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, kana tsayawa a danja iska ta bugi jiƙaƙƙen bayanka, sanyin ya ratsa har ƙashi. Ana son yadin roba mai fitar da gumi ko ulun tumakin merino, wanda yake riƙe ɗumi ko ya jiƙe, kuma ba ya saurin wari. Na ulu a shagon 'yan keke kuɗi ne sosai. Na Aldi bai kai rabin wannan ba, kuma a ƙarƙashin wata rigar yake, babu mai ganin ɗinkinsa. Wannan dattijon da ya ɗebi huɗu ya san abin da yake yi. Sharaɗi ɗaya: wanki da ruwa mai sanyi-sanyi, digiri 30, kada a sa a injin busarwa, in ba haka ba ka ciro rigar ɗan yaye.

Haka safa, da ƙyallen wuya da ake jawowa ya rufe hanci, da 'yar hular da ake sawa a ƙarƙashin hular kwano, da tabarau na kare ido daga iska da tsakuwa. Waɗannan kaya ne masu ɓacewa, a manta su a bas ko a masallaci, babu dalilin kashe musu kuɗi.

Safar hannu ta hunturu tana aiki har zuwa wani mizani. A safiyar da ma'auni ke nuna digiri biyar ko shida, ta araha ta wadatar. In ya sauka ƙasa da sifili, tafiyar kuma ta wuce rabin awa, yatsu za su fara mutuwa, kuma yatsan da ba ya ji ba ya kama birki da kyau. Dabarar da na koya ita ce in sayi wadda ta ɗara hannuna kaɗan, in sa siririya a ciki. Matsattsiyar safa, ko ta nawa ce, tana hana jini gudu, sanyin sai ya fi.

Kayan gyara su ne abin da na fi ba mutane shawarar su yi wa layi. A gida taya ta yi faci sai ka tura keken gindin bishiya, mai faci ya gama maka kafin ku gama gaisawa. A nan kuɗin aikin hannu shi ne tsadar. Canjin tif kaɗai a shago yakan ci fam goma ko fiye, kuma wani lokaci sai an ce ka bar keken ka dawo gobe. Saboda haka famfon ƙasa mai agogon nuna iska, da 'yan cokulan ɓare taya, da kwalin faci, da man sarƙa, duk ka ɗauke su a inda suka fi araha. Haka maratayin gyara, wannan ƙarfe mai ƙafafu da ke ɗaga keke sama ka yi aiki a tsaye. Na kantunan nan wajen fam talatin ne a lokacin da na sayi nawa, na ƙwararrun makanikai kuwa ya ninka shi sau biyar ko shida. Nawa yana ɗan rawa in na matsa ƙarfi, amma wanke sarƙa da saita birki da giya duk yana yi. Mai keken lantarki dai ya duba nauyin da aka rubuta a kwali, don irin wannan keke yakan wuce kilo ashirin.

Abu biyu za ka kula da su a nan. Na farko bawul: akwai mai kauri irin na mota, Schrader, akwai siriri mai ɗan noti a kai, Presta. Ka tabbata famfon yana shiga duka biyun, tif ɗin kuma ya dace da naka da girman tayarka, wanda ke rubuce a gefenta, 700 ne ko 26 ko 27.5 ko 29. Na biyu, makullan kusurwa shida na milimita 4 da 5 da 6, waɗanda kusan duk notin keke da su ake kwancewa. In ƙarfensu mai laushi ne sai ya cinye kan notin, ƙaramin aiki ya zama babba. Waɗannan ukun ka sayi masu kyau daban, ba su da tsada.

Fitila kuma doka ce, ba ado ba. A Birtaniya daga faɗuwar rana zuwa fitowarta dole keke ya kasance da farar fitila a gaba, ja a baya, da jan madubi mai ƙyalli a baya. Wanda bai taɓa yin hunturu a nan ba yakan ɗauka shi ba ya tafiyar dare, har sai an mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, la'asar da magariba kamar a haɗe. Abin sha'awa da fitilun kantunan Jamus shi ne da yawansu an ƙera su bisa dokar hanyar Jamus, StVZO, wadda ta ce hasken ya kwanta a kan titi, a yanke shi daga sama kamar dim ɗin mota, kada ya kashe wa mai tahowa ido. Za ka gane su da wani layi mai lanƙwasa da harafin K da lamba a jikinsu. A titin gari mai fitilu, irin shuɗiyar hanyar keke ta A38 daga Selly Oak zuwa tsakiyar gari, sun isa har da saura. A gefen magudanar jiragen ruwa ta Worcester da Birmingham, inda babu fitila ko ɗaya, ruwa a gefe guda, ƙananan gadoji a sama, ina son wadda ta fi su ƙarfi, kuma wadda ta haska sama kaɗan in ga reshe kafin ya mare ni. Ta baya kuwa biyu nake sawa, duk masu araha, masu caji da USB, don in ɗaya ta mutu ba za ka sani ba sai ka isa gida.

Hular kwano ita ce inda mutane suka fi tsorata da araha, kuma a ganina tsoron ya wuce kima. Duk hular keke da ake sayarwa bisa doka a Turai da Birtaniya sai ta ci jarrabawar ma'auni guda, EN 1078. Ka leƙa cikinta za ka ga takardar. Ta fam goma sha biyar da ta fam ɗari da hamsin wannan layin suka tsallake. Ƙarin kuɗin yana saya maka rashin nauyi, da ramukan iska, da zama daidai a kai, da wani lokaci tsarin MIPS na 'yan Sweden, wata 'yar shimfiɗa mai zamewa a ciki da ke rage murɗewar kai in an faɗi a karkace. Jami'ar Virginia Tech a Amurka tana gwada huluna tana ba su taurari, kuma a jerinta akwai masu sauƙin kuɗi da suka doke masu tsada. Abin dubawa shi ne zamanta: ta sauko yatsa biyu sama da gira, in ka girgiza kai kafin ka ɗaure igiyar kada ta yi rawa. 'Yar'uwar da za ta sa ta a kan hijabi ta gwada da hijabin a kanta, siriri mara kumburi a ƙeya. In ta kantin araha ta zauna, ɗauka. In ba ta zauna ba, je inda akwai kala goma ka zaɓa. Abin da ba a yi shi ne sayen ta gwanjo. Farin soson da ke ciki sau ɗaya yake aiki, in ya sha bugu ya gama, kuma daga waje ba a ganewa. Doka ba ta tilasta hular a Birtaniya ba, shawara ce kawai a littafin ƙa'idar hanya, amma ni ban fita babu ita.

Yanzu ga inda nake cewa a riƙe hannu.

Makulli. Keken farko da na mallaka a ƙasar nan, da igiyar waya mai lambobi nake ɗaure shi, irin mai rufin roba mai kauri da ke sa ka ji kamar sarƙar jirgi ce. A wani ɗan shago na saye ta. Wata Juma'a na ɗaure shi a jikin ƙarfe na shiga masallaci. Ana sallamewa na fito ina neman takalmina, na hango igiyar a ƙasa, an yanke ta sumul kamar an yanka rake. Da na ɗaga na duba, wayar da ke cikin robar ba ta kai kaurin fensir ba. Na tsaya da hular kwano a hannu ina kallon wurin da keken yake, wani bawan Allah ya dafa ni ya ce Allah ya mayar da alheri. Da ƙafa na koma gida.

A Birtaniya akwai hukumar gwajin makullai, Sold Secure, ta ƙungiyar maƙeran makulli, tana ba da daraja hawa huɗu da za ka gani a kwali: Bronze, Silver, Gold, Diamond. Kamfanonin inshora da wannan suke aiki, in makullinka bai kai hawan da suka gindaya ba, ba za su biya ba. Don haka ba sunan kanti za ka duba ba, tambarin za ka nema. In ka ga makulli a kwandon tsakiya da tambarin Gold, madalla. In babu tambari ko kaɗan, to na tsayawa sayen burodi ne kana hango keken ta taga. Mai barin keke a tasha ko harabar jami'a tun safe har yamma ya nemi ƙarfe mai siffar U na Kryptonite ko Abus ko makamancinsu, Gold ko sama. Fam arba'in zuwa sittin zai ci, ya fi duk sauran kayan da na lissafa tsada, kuma nan ne sayen nagari yake mayar da kuɗi gida. Ɓarayin yanzu da injin yankan ƙarfe mai batir suke yawo, babu makullin da ya gagare su har abada. Abin da kake saye shi ne lokaci da ƙara, har ɓarawo ya ga na kusa da naka ya fi sauƙi. Ka ɗaure gangar jikin keken, ba taya kaɗai ba, ka kuma rubuta lambar jikinsa a BikeRegister, kyauta ne, 'yan sanda suna dubawa.

Rigar ruwa ita ce ta biyu, kuma ita ta fi rikitarwa, don mai araha ba ƙarya take yi ba in ta ce ruwa ba ya shiga. Ba ya shiga. Gumin ne ba ya fita. Na taɓa sa wata mai sauƙin kuɗi na hau tudu cikin yayyafi, na isa wurin aiki na tuɓe, rigata ta ciki sharkaf kamar an tsamo ta a bokiti, alhali ɗigon sama ko ɗaya bai ratsa ba. Lambobi biyu ake dubawa. Ɗaya na jure ruwa, a milimita: 5,000 na yayyafi ne, 10,000 zuwa sama shi ne na ruwa sosai. Ɗaya kuma na fitar da tururin jiki, wanda masu araha sau da yawa ba sa ma rubutawa. Sai ka juya rigar ka ga ko an liƙe bayan ɗinkin da tef, don ta ramin allura ruwa ke fara shiga, ka duba ko akwai zif a hammata. Mai tafiyar minti goma sha biyar a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ta kantin araha ta ishe shi, ya rage sauri kawai. Mai awa guda ko mai yini a waje, wannan shi ne wurin da gwanjo ya fi kowa: rigar Endura ko Altura ko mai yadin Gore-Tex da aka ɗan sa, a rabin kuɗinta ko ƙasa. Kuma kafin duk wannan, madigadi. Yawancin jiƙewar ɗan keke a Ingila daga ƙasa take zuwa, taya tana watso ruwan titi mai datti a baya da takalma. Madigadi cikakke na fam ashirin da wani abu ya fi rigar fam ɗari amfani a yawancin ranaku.

Rigar sanyi mai tare iska, wadda ba ta yi alƙawarin hana ruwa ba, wannan kam ta kantunan araha tana da kyau. Ka zaɓi mai launi mai haske da ratsin ƙyalli, ka bar baƙa.

Sai wando mai soso. A nan sai na ɗan yi dariya, don iyayenmu sun yi shekaru suna taka Rali, wanda a da a Nottingham ake ƙera shi, daga ƙauye zuwa birni da babbar riga a naɗe a kafaɗa, babu wanda ya taɓa jin labarin soso a wando. Gaskiya ne kuma har yau: tafiyar da ba ta kai minti arba'in ba, a keke mai faffaɗan sirdi da ake zama a miƙe, ba ta buƙatarsa. Buƙatar tana zuwa ne da siririn sirdi da doguwar tafiya. A nan ne bambancin kuɗi yake fitowa fili. Soson mai araha yakan yi kauri da laushi, a hannu ka ji kamar katifa, amma bayan awa guda ya lotse, ya tattare, gefen ɗinkinsa ya fara goge cinya. Mai kyau siriri ne mai tauri, an yanka shi daidai ƙasusuwan zama. Duk wanda ya yi mil talatin da wandon da ya ci masa fata, kwana uku yana tafiya kamar ɗan kaciya, ba zai sake tambayar dalilin tsadar ba. Ba sai ka je Assos ba. Matsakaicin hawa na Decathlon ya wadatar da yawancin mutane. Ana sa shi ne babu kamfai a ciki, saboda haka shi ma ba na gwanjo ba ne.

Akwai kuma batun da ba za ka ji a bakin mai shago ba. Da yawanmu ba za mu fita da matsattsen wando mai nuna surar jiki ba, balle a tsaya salla da shi. Mafita ita ce ɗan gajeren na ciki mai soso, a ɗora wando na yau da kullum ko sakakken wandon masu hawan dutse a sama. Irin mai igiya a kafaɗa kuwa, wanda 'yan tsere suka fi so don ba ya matse ciki, ka sani cewa kafin ka kama ruwa sai ka tuɓe duk rigunan sama. A banɗakin tasha cikin Janairu wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Jakar da ake ratayawa a kariyar keke tana tsakiya. Yadin masu araha ba laifi, ƙugiyoyin ne abin dubawa, don su ke ɗaukar duk jijjigar hanya. Ortlieb na Jamus tsada gare su, amma liƙe suke ba ɗinki ba, kuma ana sayar da ƙugiya da maɗauri daban in sun lalace. Mai ɗaukar abincin rana da rigar canji ya sayi mai araha ya sa kayan a leda. Mai ɗaukar kwamfuta kullum ya sake tunani. Takalmi mai ƙarfen maƙalewa a feda kuwa, mai zuwa aiki ko makaranta ba ya buƙatarsa. Kuma in akwai ragowar kuɗi, taya mai jure ƙaya irin Schwalbe Marathon ta fi duk wata riga sauƙaƙa rayuwa. Ba a samunta a kwandon tsakiya.

Tsakanin Aldi da Lidl fa? Bambancin bai kai yadda masoyansu ke faɗa ba, kayan wannan shekara ma ba lallai su zama irin na bara ba. A nawa ganin Aldi sun fi a kayan sawa na hunturu, Lidl a fitilu da famfo da kayan gyara. Wanda ya fi kusa da gidanka, kuma ya riga fitar da kaya, shi ne naka. Lidl suna ɗaukar nauyin ƙungiyar tsere ta Lidl-Trek tun 2023, Decathlon ma sunansu na kan wata ƙungiyar Faransa tun 2024, sai dai kada wannan ya ruɗe ka, 'yan tseren Tour de France ba daga kwando suke ɗaukar wandonsu ba. Wajen girma, ɗinkin Jamus yakan yi yalwa, na Italiya irin Castelli yakan matse, L ɗin wannan ba L ɗin wancan ba ne. Tunda babu ɗakin gwaji, ka ɗauki biyu, ka gwada a gida, ka mayar da ɗaya da rasit da takardarsa a jiki. Ka tambayi mai kanta kwana nawa suke karɓa. In kuwa kaya ya zo da aibi, dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka, ko a wane kanti ka saya.

Mai aikin albashi ya tambayi wurin aikinsa ko suna cikin shirin Cycle to Work, wanda aka fara a 1999. Ana cire kuɗin keke da kayansa daga albashi kafin haraji, sauƙin yakan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, kuma hula da makulli da fitila duk suna ciki. A shagunan da suka yi rajista ake amfani da shi, irin Halfords da Decathlon da ƙananan shagunan keke, ba a Aldi ko Lidl ba, to sai makullin nan mai tsada ya sauko. Masu kai abinci da keke ba sa cikin shirin tunda aikin kansu suke yi, alhali su ne suka fi kowa buƙatar kaya masu ƙwari, awa shida ko takwas a ruwa ba wasa ba ne. Su kam rigar ruwa da wandon ruwa da safar hannu duk na gaske za su saya, su bar wa kantin araha rigar ciki da safa. Ɗalibi kuma ya sani bizar karatu ba ta yarda mutum ya yi aikin kansa ba, kada wani ya ja shi.

Shi ƙanin abokin nawa tafiyarsa mil uku ce, minti ashirin, keken kuma yini yake yi a harabar makaranta. Na ce masa ranar Alhamis ya kasance a ƙofar Lidl kafin a buɗe, ya ɗauki rigar ciki biyu, safar hannu, ƙyallen wuya, fitilu, famfo da kwalin faci, ya gwada hular, in ta zauna ya haɗa da ita. Wando mai soso ya bar shi a kwando. Rigar ruwa ya sa ido a Vinted. Asabar kuma ya zo gida da keken mu ɗaura madigadi, daga nan mu wuce sayen makulli.

"Yaya, makullin nan fa ya kusa rabin kuɗin keken," in ji shi.

Na ce ya zo da wuri, igiyar nan da aka yanke tana nan a cikin akwatin kayan gyarana, zan nuna masa.